Ranar da Aka Tura Koci Leƙen 'Yan Kallo

Babana gyaran keken ɗinki yake yi, amma in ka shiga layinmu ka tambayi mai gyaran keke, wani mai faci za a nuna maka can bakin titi. Koci za ka ce. Bai taɓa horar da ko 'yan firamare ba, kuma Mama ta ce tun da ta aure shi ba ta ga ƙafarsa ta taɓa ƙwallo ba. Ko ta yara ce ta faɗo mana tsakar gida, da hannu yake wurga musu. Bakinsa ne ya jawo masa sunan.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai warin man keke. Kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da ɗan ƙyallen da mai shi ya ɗaura masa don kada a musanya. A ƙofa akwai dogon benci, aikin Kawu Kafinta, abokinsa tun suna samari. Ba mu haɗa jini da shi ba, amma Kawu muka tashi muna ce masa. Da yamma ta yi, magoya bayan kulob ɗin garinmu suke cika bencin nan, wanda bai samu wuri ba ya jingina da bango. Baba sai ya ture aikin mutane gefe, ya zazzage gwangwanin maɓallai a kan tebur, baƙaƙe namu, farare na abokan karawa, ya shiga nuna yadda aka yi aka ci mu.

Aƙidarsa ɗaya ce, ba ta sauyawa: a tsare gida tukuna. Mutum huɗu a baya, kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Sabon kocin kulob da ya koma sa mutum uku, Baba ya ce wannan ba dabara ba ce, barin ƙofa ne a buɗe a tafi unguwa. Kawu Kafinta kuwa kai hari yake so, ko da za a zura mana uku in dai mun zura huɗu. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba. Akwai ɗan bayanmu mai lamba uku da 'yan kallo suka sa wa Amalanke saboda nauyin gudunsa, Baba ya ce shi kaɗai ne mai hankali a ƙungiyar. Akwai kuma ɗan gaban da aka sayo da tsada, wanda Baba ya raɗa wa Ango, wai yakan gama wasa rigarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba. Kawu Kafinta in ya ji haka har tashi tsaye yake yi.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma ƙwallo ba ta dame ni ba ko kaɗan. Abin da na sani shi ne, ranar da aka ci kulob, miyar Mama ce take rasa gishiri a bakin Baba.

A tsakiyar kakar wasan bara masu kulob suka ninka kuɗin tikiti. Suka ce gyaran fili za a yi. 'Yan benci suka ce ƙarya ne, kuɗin Ango ake so a fanshe a jikinsu. Aka yi ta musu, wasu na cewa a rubuta koke, wasu na cewa a haƙura, ai kulob namu ne. Baba ne ya miƙe ya ce kada wanda ya sake shiga filin nan sai an mayar da farashi yadda yake. Ya ce a riƙa zuwa ranar wasa cikin rigar kulob, a zauna a gindin katanga da rediyo, masu kulob su gani da idonsu cewa ga mutane sun zo amma sun ƙi shiga. Kawu Kafinta ya ce wannan horar da kai ne kawai. Aka ɗaga hannu, Baba ya yi rinjaye, Direba da yake shugabansu ya ce magana ta ƙare. Kawu ya bi, yana ƙunƙuni.

Ba a daɗe ba na fara lura da wani abu. Baba zai yi ta laluben sukudireba alhali ga ta nan dab da hannunsa. Wata rana na tsaya a gefensa a shago har na gaji, bai san na shigo ba sai da na yi magana. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya yi nisa, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Maganin ɗigawa zai rage masa sauri, amma abin da ya tafi ya tafi. Na tambaye shi baɗi fa, ya ce kada mu ɗora rai.

A hanya Baba ya ce kada kowa ya ji, don in teloli suka sani ba mai sake kawo masa keke. Da muka isa gida Mama ta yi masa alkawari. Ni shiru na yi, shi ya ɗauka alkawari ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne filin nan. Mutumin da tun kafin a haife ni bai bari wasan gida ya wuce shi ba, yanzu ganinsa na ƙarewa, shi kuma yana zaune a gindin katanga yana sauraron rediyo. Wasa ya wuce, wani ya wuce, farashi bai motsa ba. Na same shi a shago na ce ya shiga ko sau ɗaya ne, ni zan saya masa tikitin. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce masa masu kulob ba su ma san yana duniya ba. Ya bar ni na gama, yana goge wani kan keke da tsumma.

“Uwata,” ya ce, haka yake kirana, “ni na ce kada a shiga. Akwai wanda ya bi ni ba da son ransa ba. In na shiga yau, gobe kowa ya shiga, kuma da gaskiyarsa.”

Na fita raina a ɓace. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanda ya fi yawa.

Da ya rage saura wasan gida na ƙarshe, na tafi wurin Kawu Kafinta. Yana goge katako, ya ce lafiya, 'yata? Na faɗa masa komai, kuma har yau ban yi nadama ba. Ya ajiye abin aikinsa, ya daɗe yana kakkaɓe garin katako daga rigar da ta riga ta fita tas. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko Baba yana iya gane mutum daga nesa. Na ce in ya kalle shi kai tsaye yana ganewa. Ya ce in je gida, kuma in ɗauka ban faɗa masa komai ba.

Ana jibi wasa na kai wa Baba abinci shago na tarar benci ya cika. Kawu Kafinta ne yake magana. Ya ce mai sharhi a rediyo kullum cewa yake fili ya cika maƙil, masu kulob kuma suna yaɗa cewa ƙauracewar ba ta rage su da komai ba. Mu muna waje, ta yaya za mu san gaskiya? Dole a tura wakili ya shiga ya gano, a biya masa daga asusun ƙungiyarsu ta magoya baya, aike ne ba karya doka ba. Direba ya amince da saurin da ya sa na gane an riga an yi magana da shi. Sai Kawu ya ce shi zai je.

Baba ya yi tsalle ya dire. Ya ce in aka tura Kafinta, Ango zai je ya yi ta kallo, ya fito ya ce mana komai lafiya. Ana buƙatar mai natsuwa, wanda ba a ruɗa shi da shewa.

“To kai ka je mana,” in ji Kawu, kamar ransa ya ɓaci. “Tunda duk cikinmu kai ne ba a musa wa magana.”

Baba ya ga inda bakinsa ya kai shi. Ya fara kawo uzuri, Direba ya ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har na waɗanda ba su san dalili ba. Aka ce wakili ba ya tafiya shi kaɗai, sai da shaida, kuma shaidar ta zama wadda ba 'yar ƙungiya ba. Duk suka juyo suka kalle ni da kwanon abinci a hannu. Baba ma ya juyo da kansa gaba ɗaya ya kalle ni, ya daɗe yana kallona.

Ranar wasa muka wuce su a gindin katanga, ya ɗaga musu hannu fuska a murtuke kamar wanda aka tilasta wa aiki. A matakala na riƙe gwiwar hannunsa, muna kaiwa sama ya zame. Ya tsaya yana kallon ciyawar nan, an jiƙa ta, an ja mata farin layi. Sannan ya zauna a hankali.

Gaskiya wajen rabin kujerun babu kowa, na lura don an ce ni shaida ce. Baba kuwa bai waiwaya ko'ina ba. Ƙwallo ta fi ƙarfin idonsa, da an buga ta sama ta ɓace masa, sai ya haƙura da ita ya kama Amalanke. Inda lamba uku ya nufa, nan kan Baba yake bi. Yana magana ƙasa-ƙasa, tsaya nan, kada ka hau, yauwa. Bayan hutun rabin lokaci fili ya ɗauki ihu, mutane suka miƙe. Ya kamo hannuna ya tambaye ni me ya faru. Na ce namu ne ya ci, mai tsabtar rigar nan. Ya yi tsaki, ya ce ai da ma wani ne ya yi wahalar. Amma yana murmushi, kuma bai saki hannuna ba har aka tashi ɗaya da nema.

Jama'a suka watse, shi yana zaune. 'Yan wasa suka shige, masu kwance raga suka zo suka gama, yana nan yana kallon fili. Ban ce masa mu tafi ba. Baƙin ciki ya cika ni, na juya baya na share hawaye ta gefen da na san ba ya gani.

A waje suna nan suna jiranmu. Direba ya gyara murya ya ce wakili ya ba da rahoto, fili ya cika ko bai cika ba?

“Ban duba ba,” in ji Baba. “Wasa na kalla.”

Kawu Kafinta ya sunkuya yana ta murɗa rediyon da aka riga aka kashe. Motoci suna ta wucewa a titin da za mu tsallaka, masu babur na kutsawa ta ko'ina. Na matso zan kama Baba, sai ya miƙa hannu ta ɗaya gefen, a gaban kowa.

“Kafinta, riƙe ni mu tsallaka. Ba na ganin gefe.”

Kawu ya riƙe shi gam, ya tsayar da wata mota da hannu ɗaya. Suna tsakiyar titi na ji yana tambayarsa, yanzu kuma me zai ce a kan Ango.