Kawu Issaka da Ruwan Ƙarƙashin Ayigya

Duk wanda Kawu Issaka ya taɓa shiga gidansa a Ayigya Zango ya san yadda yake gaisuwa. Zai yi sallama, ya wuce mai gida da hannunsa a miƙe, ya tafi bakin rijiya ya leƙa. Sai ya gama da rijiya sannan ya tambayi lafiyar yara. In damina ce ya ce maka "Yaya ruwa?" ka amsa "Ruwa ya yi gyara," sai ya harare ka.

"Ba na sama nake tambaya ba. Na ƙasa."

Wan mahaifiyata ne. Rayuwarsa duka a aikin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta, daga arewa har kudu. Da ya yi ritaya ya dawo da kwamfutarsa da wata taswirar unguwarmu. Yana zuba mata zurfin rijiyoyi da yawan ruwan sama da yawan gidaje, ita kuma ta nuna masa inda ruwan zai kai nan gaba. Kullum shuɗin da ke nuna ruwa a taswirar raguwa yake yi. Mu kuwa muka raɗa masa Alhaji Bohol, da sunan rijiyar burtsatse, muna dariya.

Shekarar da ya tafi Hajji, 'ya'yansa suka ce bari su faranta masa, suka shafe tsakar gidan da siminti, don matarsa, Mma Adiza, ta gaji da taɓo. Ya dawo, mutane sun cika gida ana jiran dabino da zamzam. Ya tsaya a ƙofa yana kallon ƙasa. Ko jakarsa bai kwance ba ya aika aka aro diga.

"Kun toshe wa ƙasa baki. In ruwan sama ya sauko, ta ina za ta sha?"

Da yamma ya tambayi tuwonsa, Mma Adiza ta ce, "Alhaji, tunda ita ka fi tausayi, je ka ta tuƙa maka."

A lokacin ne masu gidajen haya suka shiga gasar haƙa bohol, kowa na son ɗaliban jami'a su kama ɗakinsa. Kawu ya bi su gida gida da kwamfuta, ba wanda ya saurare shi. Sai ranar sunan jikan Alhaji Seidu, wanda ya fi kowa gidajen haya. Ana tsakiyar cin shinkafa, Kawu ya ɗora kofi guda na sobolo, wato zoɓo, a tabarma, ya raba wa dattawa tsinken zuƙa, ya ce kowa ya sa nasa a ciki. Na Alhaji Seidu ya gutsure shi ya zama ɗan guntu. Suka zuƙa suna dariya. Kafin ka ce me, sobolo ya yi ƙasa, Alhaji Seidu sai iska yake ja.

"Ka ji yadda abin yake? Haka ka yi wa rijiyar gwauruwar da ke bayan gidanka. Kofi ɗaya ne a ƙarƙashinmu duka."

Alhaji Seidu ya ɓata rai. "Issaka, ruwa na Allah ne, ba ya ƙarewa."

"Man motarka ma na Allah ne. Me ya sa kake tsayawa a gidan mai kafin ka kama hanyar Tamale?"

Aka yi dariya, aka ce Alhaji Bohol akwai ban dariya paa. Bayan sati kaɗan Alhaji Seidu ya haƙa wani sabo. Abin da Kawu ya roƙa bai taka kara ya karya ba: a zauna a tsara, layi ɗaya bohol ɗaya, a bar fili ruwan sama ya nutse. Ya kai maganar gaban sarkin zango, ya kai ofishin ƙaramar hukuma, ko'ina a ba shi kujera da ruwan sanyi a sallame shi.

Ko a asibiti bai daina ba. Na je duba shi, an ɗaura masa ƙarin ruwa, na tarar ya tsare ma'aikaciyar jinya da ido.

"'Yata, a yadda yake ɗiga ɗin nan, ba zai kai la'asar ba. Kun tanadi na gaba, ko ku ma sai ya ƙare za ku fara tunani?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Kwana biyu bayan nan ya rasu.

Ranar addu'ar bakwai ce har yau take ci mini rai. Mutanen da suka mai da shi abin nishaɗi suka jeru cikin manyan riguna, kowa na cewa an yi rashin mai hangen nesa. A daidai lokacin, a layin baya, injin haƙa bohol yana ta ruri, har liman sai da ya ɗaga murya kafin mu ji Fatiha. Ba wanda ya tashi ya ce a kashe shi ko na minti biyar. Ni ma ban tashi ba. Yanzu da rani mata a layinmu sai sun ƙara igiya kafin guga ya taɓa ruwa.

Kawu, ka gaji da faɗa, ka huta. Allah ya sanyaya makwancinka, ya yafe maka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, inda ba sai ka leƙa ka ga ko ya ragu ba. Amin.