Allura Ɗaya, 'Yan Mata Biyar

Ke uwa da ke riƙe da waya kina karanta wannan, ki kiyayi abin da kike furtawa a tsakar gida. Yara suna ji, kuma suna ajiyewa.

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambayar lafiya, ku yi haƙuri. Jinyar 'yata Nusaiba nake yi, shekararta goma sha tara, kuma da izininta nake wannan rubutu.

Da rama aka fara. Yarinya tana cin abinci kamar mutum biyu, amma kullum siket yana zamewa. Sai zufa, ko tana zaune a inuwa. Sai gudawa. Sai hannu ya fara rawa, har shayi take zubarwa.

Na aika kemis ɗin layinmu a Hayin Banki aka karɓo maganin maleriya. Aka sake na taifot. Babu sauyi.

Sannan na lura ta ware kofinta da cokalinta, tana ɓoye su bayan akwati. Ta daina cin abinci kwano ɗaya da ƙannenta. Ran nan ta yanke da wuƙa tana yanka albasa, na kai hannu zan duba, sai ta yi baya da ihu: "Umma, kar ki taɓa jinina!"

Nan na gane irin ciwon da take tsoro.

Na ja ta ɗaki na rufe ƙofa. Allah ya yafe mini, tambayar farko da na yi ita ce, "Wane ne shi?"

Ta ce, "Wallahi Umma, babu kowa." Sai ta zame ɗankwali ta nuna mini saman kunnenta. Huji na biyu, wanda na hana da babbar murya.

Ashe wata bakwai da suka wuce sun taru su biyar a gidan wata ƙawarta a Unguwar Sarki, suka huda wa juna kunne da allura ɗaya, suna goge ta da bakin zane. Bayan nan aka fasa auren wadda aka fara hudawa, mutane suka yi ta raɗa cewa gwajin kafin aure ne ya nuna tana da ƙanjamau. Tun ranar Nusaiba take bincike a waya, duk alamar da ta karanta sai ta gan ta a jikinta.

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Ba ke kika ce duk wadda ta ɗauko wannan ciwon ta nemi wata uwar ba?"

Ni na faɗa. A tsakar gida, ranar da labarin yarinyar nan ya iso mana, ina tsince shinkafa.

Washegari muka hau Keke zuwa asibiti. Na ja niƙabi don kar wani ya gane ni a layin. Ba a karɓi ko sisi ba a gwajin ƙanjamau. Aka soki yatsanta, aka ce mu jira. Ban taɓa zaman da ya kai wannan tsawo ba. Bakina yana Hasbunallahu, zuciyata tana lissafin yadda zan gaya wa mahaifinta.

Nas ɗin ta ce, "Hajiya, babu komai. Wata bakwai ya wuce lokacin da cutar ke ɓuya."

Na yi hamdala. Nusaiba ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "To me ke cin jikina?"

Muka shiga wasu gwaje-gwajen. Aka duba tarin fuka, babu. Ciwon suga, babu. Aka ɗauki hoton ƙirji, lafiya lau. Waɗannan kam sun ci kuɗi, har keken ɗinkina na sayar. Yarinya kuma tana ta ƙarewa, zuciyarta tana bugawa har ana gani ta saman riga. Sau biyu ta saci jiki ta sake gwajin ƙanjamau a wani wuri, ta ce na farko kuskure aka yi. Ta fara raba wa ƙannenta mayafanta. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Sai Allah ya haɗa mu da wata likita dattijuwa. Ta sa Nusaiba ta miƙe hannuwa, ta ɗora takarda a kai, takarda tana ta karkarwa. Ta shafa wuyanta ta ce ta haɗiye yawu. Ta rubuta gwajin jini.

Da sakamako ya fito ta ce, "Nau'in maƙoƙo ne da bai fito waje sosai ba. Shi ke ƙona mata jiki. Yana da magani." Ta juyo gare ni: "Ko da wancan ciwon ne, Hajiya, shi ma ana shan magani a rayu, kuma ba a ɗaukarsa a kofi. Da ta zo da wuri da ba ta kai haka ba."

Ban iya ɗaga kai ba.

Yanzu tana shan ƙwayoyinta kullum, muna komawa a duba jini. Kumatu sun dawo. Jiya na ga hannunta a kwano ɗaya da ƙannenta, suna faɗa a kan nama. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitar nan, da maƙwabtan da suka riƙe mini gida.

'Yan mata, ban janye maganata ba: saɓa wa iyaye ba ya haifar da alheri. Kar ku haɗa allura ko reza da kowa. Waya ba likita ba ce. In kuna tsoro, ku je a gwada.

Na tara yarana na kafa doka. Kowa da rezarsa da abin yankan farcensa. Ciwon da ya kwana uku, a kunnena zai kwana na huɗu, ko me ya jawo shi. Faɗa sai bayan an dawo daga asibiti. Kuma ba a sake yi da ciwon 'yar wani a gidan nan. Wanda ya fara, a rufe masa baki, ko da ni ce.