In Ka Shigo, Ba Fita

Ɗalibai ba su taɓa kiranta da sunanta ba, mu ma malamai a bayan ido sahunsu muka bi. Malama Tsaya-Nan ake ce mata, don ko daga wace kusurwa ta hango yarinya tana sanɗa bayan an kaɗa ƙararrawa, kalma biyun nan take jefawa, sai ka ga yarinya ta ƙame kamar an dasa ta. Gajeruwa ce mai jiki, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun wani hatsarin babur da ta yi tana budurwa. 'Yar tela ce, ita ce babba a gidansu, ita ta yi rainon ƙannenta bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa ko da sa'arta take magana sai ka ji kamar umarni take bayarwa. Lissafi take koyarwa, kuma ita ce mataimakiyar shugaba a makarantarmu ta kwana ta 'yan mata. Ni a lokacin sabuwar malama ce, katanga ɗaya ta raba gidana da nata a rukunin gidajen malamai.

Mijinta tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ciwon suga da hawan jini sun zaunar da shi a gida. Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce shi ne ɗalibinta da ya fi kowa daɗewa, kullum maimaita aji yake, ta ƙi ta yaye shi.

Da safe sanarwar rufe makarantu ta zo, saboda annobar da ta shigo ƙasa. Kafin rana ta take, harabar makaranta ta koma tasha: akwatuna, bokitai, katifu a naɗe, iyaye na ƙwala kiran 'ya'yansu. An yi alkawarin ba da lokaci kafin a rufe hanyoyi, amma washegari da hantsi aka datse su. 'Yan mata talatin da 'yan kai, waɗanda gidajensu ke nesa, suka rage zaune a kan akwatunansu a bakin ƙofa, suna kallon titin da ko keke ba ya wucewa. Shugaban makaranta kuwa ya tafi kai iyalinsa garinsu da niyyar juyowa, dokar kulle ta rutsa da shi a can. Ina tsaye kusa da ita ya bugo waya.

"Malama, makaranta tana hannunki."

"Da ma a hannun wa take, ranka ya daɗe?" in ji ta, ta kashe wayar.

Ta juya ga yaran ta ce kowa ta ɗauki kayanta ta mayar. A ranar ta rarraba su a ɗakunan kwana, gado ɗaya da mutum, biyu ba kowa. Ta sa aka jawo keken ɗinki daga ɗakin koyon sana'a, ta yayyanka sababbin zannuwan gado, ta zauna tana ɗinka takunkumin rufe hanci da baki har kowa ya samu. Kowace ƙofa bokiti da sabulu. Ba ta kuma yarda a ajiye karatu ba. Da na ce mata ai yaran ba su da natsuwar ɗaukar darasi, sai ta dube ni ta saman tabarau.

"Ƙanwata, yarinyar da ba ta da abin yi, ko ta yi kuka ko ta tsallake katanga. Wanne kika fi so?"

Haka muka riƙa koyarwa a ƙarƙashin bishiyoyi, yara a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba, mu muna ɗaga murya ta cikin ƙyalle.

Abin ya tafi lami lafiya har ranar da shugabar ɗalibai ta yanke jiki ta faɗi a layin karɓar abincin rana. Ashe ta kwana biyu tana ɓoye zazzaɓi da tari, don kada a ce ita ta kawo. Farantinta ya yi ƙara a siminti, yara suka dare, wasu har da ihu. Ma'aikaciyar jinyarmu a cikin gari take zaune, ba ta da hanyar zuwa. Ba wanda ya matsa. Malama ce ta zo da ɗingishinta, ta cicciɓi yarinyar da ta fi ta tsawo, ta rataya hannunta a wuya, ta ja ta zuwa ɗakin shan magani, yarinyar na ta tari a kafaɗarta.

Sai da ta kwantar da ita, ta fito tana wanke hannu, sannan na ga ta tsaya cak, kumfa na ɗiga daga yatsunta. Gidanta take kallo.

Da yamma ta je ta tsaya nesa da tagar falonsu, ta kira mijinta. Ya leƙo.

"Maigida, ba zan shigo ba. Ka zubo mini kayan sawa a jaka ka miƙo ta taga. Maganinka yana saman firiji, na safe daban, na yamma daban. Kada ka buɗe wa kowa ƙofa."

"To, yau dai an ba ni hutu ke nan," ya ce. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. "Ke wa zai kula da ke?"

"Ni ba ni da suga."

"Wannan kam na shaida. Ko a baki ba ki da shi."

Ta ɗauki jakar ta koma ofishinta, ta shimfiɗa katifa tsakanin tebur da kabad. Nan ya zama ɗakinta.

Jami'an lafiya suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka ɗauki gwaji, suka zagaya sarƙa a ƙofar makaranta suka datse da kwaɗo. Babbansu ya miƙa wa Malama makulli, ya ce ba shiga ba fita har sai sakamako ya fito, kuma bai san ranar ba, don wurin gwajin ya cika maƙil. Kafin gari ya waye biyu daga cikin masu dafa abinci sun haura katanga. Babbarsu kaɗai ta rage, tsohuwar da kowa ke kira Uwar Kicin, wadda ta riga kowannenmu zuwa makarantar. Malama ta ce mata da shekarunta gara ta zauna a ɗaki, mu ma yi girkin.

"Ku? Ku kashe mini yara da ɗanyar shinkafa?" in ji tsohuwar. "Hayaƙi bai kore ni ba, tari ne zai kore ni?"

Daga nan komai ya fara taɓarɓarewa. Injin da ke jawo ruwa zuwa tanki ya tsaya. Masu kawo ruwa a kura suka ƙi kusantar ƙofarmu. Mai burodi yakan ajiye buhu a tsakiyar titi ya ruga, sai mai gadi ya jawo shi da dogon ƙarfe ta ƙarƙashin ƙofa. Yara biyu suka ƙara kwantawa. A gari kuma magana ta yi fiffike: an ce yara sun mutu a makarantar, an binne su a bayan filin wasa, ana ɓoye wa iyaye. Wayar Malama ba ta hutawa. Takan sa kowace yarinya ta yi magana da gida, amma ƙarya ta riga ta yi nisa.

Wata rana da tsakar rana muna ƙarƙashin bishiya, sai muka ji ana dukan ƙofa da ƙarfe. Mai gadi ya taho a guje, hularsa a hannu.

"Malama, ga wasu can za su ɓalle kwaɗo!"

Mutum uku ne a kan babura biyu, sun yi butu-butu da ƙura, ta hanyoyin daji suka biyo don kauce wa shingen jami'an tsaro. Na gabansu ƙato ne, hannayensa baƙi ƙirin da man inji, yana riƙe da guduma. Bakanike ne, mahaifin wata 'yar aji ɗaya da ake kira Mitsitsi saboda ƙanƙantarta. Sauran biyun ƙannensa ne. Mutanen unguwa sun fara taruwa daga nesa.

"A fito mini da 'yata!" ya ce, ya sake maka wa sarƙar guduma. "Ko gawarta ce a ba ni!"

Malama ta matsa har ta kusa taɓa ƙarafan ƙofar. Ta gyara mayafinta.

"Sannu da hanya, Baban Mitsitsi. 'Yarka lafiyarta ƙalau. A kira ta."

Aka kira ta. Yarinyar na hango ubanta ta ruga, Malama ta tare ta da hannu ɗaya. Ta tsaya tana kuka, shi ma idonsa ya kawo ruwa, amma ganinta bai sanyaya shi ba, sai ma ƙara tunzura shi da ya yi.

"To buɗe. Uwarta ta rasu, ita kaɗai gare ni. Ba zan bar ta a gidan cuta ba."

"Wa ke gidanka yanzu?"

"Tsohuwata. Ina ruwanki?"

"Yarinyar nan ɗaki ɗaya ta kwana da wadda ta fara kwanciya. Ban sani ba ko tana ɗauke da shi, kai ma ba ka sani ba. Ita ƙila ko atishawa ba za ta yi ba. Tsohuwarka fa?"

Ɗaya daga cikin ƙannen ya ce, "Yaya, rabu da ita, daɗin baki ne. Fasa kawai."

Ya ɗaga gudumar. Malama ta zura hannu ta tsakanin ƙarafan, ta dafe kwaɗon da tafinta.

"In ka fasa, ba 'yarka kaɗai za ta fita ba. Duk waɗannan za su watse cikin gari, ban san inda zan nemo su ba. Amanar mutane ce. Sai dai ka haɗa da hannun."

Mitsitsi na ta kuka. Gudumar na sama. Ni dai na runtse ido.

"Amma ga wata magana," in ji Malama. "Fitar da ita ba zan yi ba. Kai in kana so, zan buɗe maka ka shigo, ka gan ta safe da yamma. Sai dai ka sani, in ka shigo, ba fita, sai ranar da aka buɗe mu gaba ɗaya."

Bakaniken ya dube ta. Ya sauke hannunsa a hankali, ya juya ga ƙannensa ya ce su koma su kula da tsohuwa da gareji. Sannan ya ce, "Buɗe."

Aka ba shi ɗakin mai gadi, aka gindaya masa iyaka: daga ƙofa zuwa kicin, ban da ɓangaren ɗakunan kwana. Kafin magariba ya kwance injin ruwa ya baje a kan buhu, washegari ruwa ya hau tanki. Yara suka yi ta tafi kamar an ci ƙwallo. Shi ke faskare, shi ke ɗora manyan tukwane, Uwar Kicin na yi masa faɗa kamar ɗan cikinta.

Sakamako ya fito, cutar ce. Yara da dama suka kwanta, amma jikin ƙuruciya, suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, har shugabar ɗalibai da muka fi jin tsoro a kanta. Uwar Kicin ce da ta kwanta ba ta tashi ba. Numfashi ya gagare ta, Malama ta yi ta kiran motar asibiti tun safe, ba ta iso ba sai la'asar. A hanya ta cika. Ba a bar ko ɗayanmu ya raka ta ba. Malama ta tara yaran ta faɗa musu da bakinta, ba ta yi kuka ba, ta shiga kicin ta ɗaura zani a kan rigarta ta hau aiki. Kwana kaɗan bayan haka ita ma zazzaɓi ya kayar da ita.

Daga kan katifar ofis ta ci gaba da mulki. Nakan tsaya a bakin taga ta faɗa mini abin da za a yi, kalma biyu ta huta, kalma biyu ta huta. Ta hana a gaya wa mijinta, amma da ya ga ta daina zuwa tagarsa ya gane. Kullum da hantsi sai ya fito da kujera ƙofar gida, ya zauna yana fuskantar ofishin, rediyo a cinya, ya ƙure murya yadda za ta ji labarai. Akwai ranar da na kira ta sau uku ba ta amsa ba, na tsaya riƙe da ƙarfen taga. Can sai na ji ta ce, "An ba yara abinci?"

Ta tashi. Da aka cire sarƙa aka buɗe hanyoyi, ba yarinya ko ɗaya da ta ɓace mana. Bakanike ya ɗora Mitsitsi a babur, ya zo ya durƙusa a gaban Malama. Ta ce masa ya gaida tsohuwa.

Ma'aikatar ilimi ba ta yi mata godiya ba. Kiranta aka yi ta bayyana dalilin da ya sa ta shigar da namiji baƙo makarantar 'yan mata a lokacin killacewa. Ta je ta yi bayani, ta ce in an sake ma haka za ta yi. Da shugaba ya yi ritaya, wani aka kawo daga waje. Ta ƙarasa shekarunta a mataimakiya, ta ajiye aiki.

Kwanakin baya na kai musu ziyara a ɗan gidan da suka koma a bayan gari. Tana koya wa yaran maƙwabta lissafi a baranda. Cutar ta tafi da jin ƙanshinta, har yau bai dawo ba, ko ƙauri ba ta ji. Muna cikin hira sai ga muryar maigidan daga ɗaki:

"Malama, tukunyarki ta kama!"

Ta miƙe da sauri ta nufi kicin, tana ce mini in zauna, kada in kuskura in tafi ban ci ba.