Sunan da Inna Ba Ta Faɗa Ba

A gidanmu na ƙauye, can wajen Droum, ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. In za ta aike shi sai ta ce mini, "Ke, gaya wa wancan ya ba awaki ruwa," alhali ga shi zaune kusa da ita. Ba ta yi masa fara'a gaban mutane, amma duk wanda ya zauna gidanmu kwana biyu ya san shi ne ranta.

Jikokina a nan unguwar Zango ta Damagaram, duk ranar bikin 'yancin kai, sai su zo su ce in ba su labarin yadda aka kori Nasara. Suna son labarin maza da tuta. Ni kuwa abin da na gani da idona bai wuce tebur ɗaya a gindin tsamiya ba.

Ina da kamar shekara tara a lokacin, Yaya kuma bai kai sha biyar ba. Baba ya tafi cin rani Kano neman kuɗin lanho, wato harajin da Nasara suka aza a kan kowane baligi. Gero muke ci, amma lanho ba ya karɓar gero, sai kuɗi, shi ya sa da rani ƙauyen yakan zama na mata da tsofaffi. A irin wannan lokacin ne masu ƙidaya suka zo da hantsi: Banasare guda, tafintansa, da gardi biyu masu bulala. Aka kafa musu tebur a ƙofar gidan mai gari. Da aka kira gidanmu, babu namiji, sai Inna ta fita, ni ina riƙe da zanenta. Yaya yana daji da awaki.

Tafinta ya ce, "Ke, faɗi sunayen 'ya'yanki, daga babba."

Inna ta fara da ni, ta lissafa ƙannena biyu, ta yi shiru. A al'ada, nan ne wata tsohuwa za ta ɗaga murya daga baya ta faɗi sunan na fari, a wuce. Amma gardi sun kori matan gari can nesa. Banasaren ya duba tsohon littafinsa, ya ga yara huɗu, ya ji uku. Gaskiya ne mutane suna ɓoye samari a rumbu ranar ƙidaya, kuma ya sha kama su. Sai ya ɗauka ya kama wata.

"Kumandan ya ce akwai wani," in ji tafinta. "Faɗi sunansa."

"Ranka ya daɗe, akwai shi," Inna ta ce, kanta a ƙasa. "Yana daji."

"Sunansa aka tambaye ki."

Sau uku ana tambayar ta. Ga surukanta zaune a tabarma, ga dattawan gari. Bakinta yana motsi, abin ya ƙi fita. Tafintan nan ɗan Birni ne, Bahaushe, nonon da muka sha shi ya sha, ya san sarai abin da ya ɗaure mata harshe. Kalma biyu zai faɗa da Faransanci a tashi. Bai faɗa ba, kuma har yau ban yafe masa ba. Mai gari ma ya sunkuyar da kai yana wasa da tazbaha. Ni ma na san sunan, yana bakina, amma idona yana kan bulala. Wannan ban taɓa gaya wa jikokina ba.

Aka zaunar da Inna a rana har la'asar, a matsayin mai ɓoye mutum. Aka ci mu tara, aka rubuta Yaya baligi tun bai kai ba. Da ya dawo daga kiwo ya tarar da ita zaune a fili, leɓɓanta sun bushe. Ya tsaya ta wajen da rana take don inuwarsa ta rufe ta, har aka sallame ta. Awakin da ya koro ranar, da irin gyaɗar da muka ajiye don shuka, duk sun tafi wajen biyan tara.

Bayan damina Yaya ya tafi Damagaram, ya shiga dako a Zango, wajen da ake loda buhunan gyaɗa. A nan ya haɗu da direbobi da teloli masu zama bayan aiki suna maganar lanho. Da farko cewa suke a rage. Daga baya suka fara tambayar ina kuɗin yake zuwa, tunda ba rijiya ba likita. A ƙarshe suka ce mai karɓar ne ya kamata ya tafi ƙasarsu. Duk zuwan da Yaya zai yi gida, maganarsa ta ƙara kauri.

Baba ya ce masa, "Kai, mu talakawa ne. A rage mana, mu gode Allah."

Yaya ya ce, "Baba, wanda ya shanya Inna a rana, ba ragi nake nema wajensa ba."

Inna tana jin su tana tankaɗe.

Aka yi ƙuri'ar i ko a'a kan ci gaba da zama da Nasara, ɓangaren su Yaya na a'a ya faɗi. 'Yancin ya zo, amma a hannun waɗanda suka ci ƙuri'ar, sai aka shiga farautar waɗanda suka fi kowa kiran sa. Wata safiya Yaya ya zo a gaggauce, ya durƙusa ya gai da Inna, ta amsa tana kallon gefe yadda ta saba, ya nufi kudu. Ba mu ƙara ganin sa ba. Wasu suka ce ya tsallake iyaka, wasu suka ce an kama shi yana dawowa, ya mutu a kurkuku. Babu wanda ya kawo mana ko takalminsa.

Tuta ta sake, lanho bai sake ba, kuma sunan Yaya yana nan a takardar gidanmu. Baba ya ce a je a soke, ba ma iya biya wa wanda ba ya nan. To amma ba a soke suna sai an shaida gaban mai gari cewa mutum ya rasu. Inna ta ce, "Malam, bar shi. Ni zan biya wa wancan." Ta shiga matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, hannuwanta duk ƙuna. Kowace shekara takan ƙulle kuɗin a tsumma ta ba ni in kai. Baba ya yi faɗa har ya gaji, ya rasu ya bar ta tana biya.

Da ita ma ta rasu, ni na tafi biro, wato ofishin gwamnati, a Mirriya in soke sunanta. Magatakarda ya duba takardar ya ce saura wannan fa, yana ina? Na ce shi ma a soke. Ya ɗaga alƙalami ya tambaye ni ranar da ya rasu. Na ce ya rubuta rana ɗaya da tata.