Rakiyar Likita Abednego

Likita Abednego mutumin Kafanchan ne, amma a Inugu ya yi furfura, a wani ƙaramin asibiti kusa da Obiagu. Ya san halinmu sarai, mu Hausawan da ke zaune a can. Majinyaci ko yana kan gargara, in aka tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi. Mai jinya kuwa ba za ta yi ƙorafi a gaban majinyacin ba.

Shi ya sa yake rakiya. Da ya gama duba mutum, sai ya taka wa mai jinyar har bakin titi.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Babanmu, Malam Gwadabe mai albasa, ni ce a kansa. A irin wannan rakiya na faɗa wa likita abin da ban faɗa wa kowa ba: na gaji, kuma kunyar wanke mahaifina nake ji. Masu keken haya na tsayawa yana sallamarsu, yana saurarena. Ya koya mini juya Baba, ya ce wanka kuma in bar wa yayyena maza.

Wata nas ta gaya mini asibiti na biyansa ladan allura da tiyata, amma tsayuwar titi ko sisi, har faɗa ake masa. Raina ya ɓaci, na yi masa maganar. Ya yi dariya ya ce, "Na'ima, ai hakkina ne, amma in na jira su biya, wa zai saurare ki?"

Ranar jana'izar Baba, yayyena suka dawo suna jinjina kai. Sun ga likita bayan makara, da farar rigarsa, har makabarta.