Baka a Mutum Biyu, Kibau a Jalingo

Da Baba ya rasu, malam ya raba mana gida da gona, aka bar wa Kawu rabon tarkacen ɗaki. Kawu mai awon hatsi ne a Kasuwar Jalingo, kuma a wurinsa adalci shi ne komai ya rabu gida biyu. Mu biyu Baba ya bari, ni da yayana. Buta ga wannan, tabarma ga wancan. Da ya zo kan kayan farauta ko jinkiri bai yi ba, ya miƙa wa Yaya baka, ya miƙo mini kwari cike da kibau. Ina jin da takalmi ne ma ƙafa ɗaya-ɗaya zai ba mu. Yaya ya dubi kwarin, ya dubi Kawu, ya haɗiye maganarsa. Ba a gyara wa ƙanen uwa rabo a gaban jama'a.

Ni tela ne. Lokacin ba a daɗe da mai da Jalingo babban birnin jiha ba, ma'aikata sun cika gari, kowa na son kaftanin zuwa ofis, don haka ƙafata ba ta sauka daga kan keke. Ban taɓa harbin ko ƙadangare ba. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to abin da na gada wurin Baba shi ne tsayinsa, wato rashinsa. Yaya ne ya ɗauko harbin, tsawo kuwa ya kwaso na dangin Inna, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Na kafa ƙusa a bango na rataye kwarin. Wani lokaci nakan zaro kibiya ɗaya in shinshina. Warin hayaƙi take yi, irin na rigar Baba.

Yaya yana noma a garin Mutum Biyu, gonarsa a gindin wani dutse da birai suka mayar gidan ubansu. Masarar nan ita ce tuwon gidansa na shekara, ba shi da wani shago ko albashi. Tun bayan rabon nan gaisuwarmu ta gajarce. Ba faɗa muka yi ba. Shi dai ba zai buɗe baki ya roƙi ƙanensa ba, ni kuma ban san akwai abin roƙo ba.

A damina ta biyu, daidai lokacin da masara ta yi goyo, na fita sayen zare sai na hango shi a layin maƙera yana juya kibau a hannu. Ya shigo gari, ya wuce ƙofar shagona, bai leƙo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsaya a bayansa na ce, "Yaya, ashe hanyar shagona ta toshe?"

Bai juyo ba ya ce, "Malam tela, birai sun fara rabon gado da ni."

Da ƙyar na tatso sauran labarin. Kibau na Baba ba sa hannunsa, nasa na da sun ƙare, na kasuwa kuma ya saya ya sake saya, kowacce ya saki sai ta kaɗa wutsiya ta nufi inda ta ga dama. Birai sun gane. Da da zarar sun hango baka suke watsewa, yanzu babban cikinsu zama yake a kan dutse yana ɓare masara yana kallonsa. Ya ce gefen gonar ya riga ya tafi, idan aka ƙara mako biyu a haka sai dai ya kwashi kara.

Na ce ya biyo ni gida. Na sauko da kwarin na ajiye a gabansa, ina jin kaina kamar wanda ya ba da kyautar doki. Ya zaro ɗaya, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawonta, ya yi tsaki. Bangon da na rataye su yana tsatsafo da damina, kyauron jikinsu duk ya sha laima ya karkace. Bakan yana tare da shi, naɗe cikin buhu, sai muka kwashi komai muka nufi unguwar Mayo Gwoi.

Can akwai wani tsoho ɗan ƙabilar Mumuye, abokin farautar Baba tun suna samari. Shi coci yake zuwa, Baba masallaci, amma daji ɗaya suka sha tare. Muka same shi a gindin mangwaro yana feƙe ƙotar fartanya. Da ya ji yadda aka yi rabon sai ya yi dariya har da tari.

"Wane ne ya raba miji da mata?" ya ce. "Kibiya ya san baka nashi. Kawu naku bai tambaya mutum ba?"

Ya fara da na kasuwar. Ya ɗora ɗaya a kan yatsa, ta rinjaya gaba ta faɗi. Ya ce ƙarfen ya yi nauyi, kyauron siriri ne kuma ɗanye aka yanke shi. "Wannan na maigadi ne," in ji shi, "don ɓarawo ya gani kawai." Kibiyar ƙasarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi, saboda haka nauyin kai da ƙarfin kyauro su ne ke riƙe ta a hanya. Idan ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya, sai rawa.

Sai ya sa aka ɗebo garwashi a kasko. Ya naɗe bakin kowace kibiya ta Baba da tsumma saboda tsohon dafin da ke jiki. Ya shafa wa kyauron man gyaɗa, ya riƙa juya shi a saman wuta, ba kusa ba, ba nesa ba, har ya yi laushi. Sannan ya kai baki ya ciji daidai inda ya karkace, ya tanƙwara da hannu, ya riƙe har ya huce. Ya leƙa, ya murza a tafin hannu, ya sake mayarwa wuta. Na lura duk inda zai ciza sai ya duba tukuna, ya ɗan gusa. Na tambaye shi dalili. Ya nuna mini wasu ƙananan ramuka a jikin kyauron, biyu-biyu da ɗan fili a tsakani. Baba yana da wushirya.

"Nan wurin abokina ne," ya ce. "Ni zan ciji gefe."

Aka jingina kututturen ayaba a jikin katanga. Tsohon ya ce kada mu damu da inda kibiya ta kafe, mu dubi yadda gindinta ya tsaya. In ya kalli wanda ya harba, ta tafi daidai. In ya kauce dama ko hagu, da sauran aiki. Yaya ya ɗana, ya ja tsirkiya, sai na ga ya tsaya a rabin hanya ya saki. Kibiyar ta kafe a karkace. Ta biyu ma haka. Tsohon ya ce ya ja sosai. Yaya ya ja, kunnuwan ƙarfen suka zo daf da yatsansa, ya yi maza ya sassauta. Babu mai son dafin ubansa a jininsa.

Tsohon ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce wa Yaya, "Ba shi baka." Na karɓa. Na ja har iyakar ƙarfina, ƙarfen ya tsaya can gaban yatsana da sauran fili. Na saki. Ban sami ayabar ba, katangar na samu, wata kaza ta tashi tana zagina. Amma gindin kibiyar yana kallona sak. Ranar ce na fara jin dariyar Yaya tun bayan rasuwar.

Maganar ta fito fili. Baba ya yanka kibansa daidai hannunsa, hannun Yaya kuwa ya fi su tsawo. Ni suka dace da ni, ni kuma ko an ɗaure mini biri a turke ba zan same shi ba. Tsohon ya ce ƙarafan Baba masu kyau ne, marasa nauyi, irin da maƙeran yanzu ba sa ɓata lokaci a kai. Yana da busasshen kyauro mai tsawo da kauri a rufin ɗaki. A kwance ɗaurin jijiyar da ke riƙe da ƙarfen, a cire kawunan, a dasa su a sabon jiki, shi ke nan.

Tsohon ya dube ni. Ni ne mai kiban. Yaya ya kafa ido a ƙasa, na san ko masarar za ta ƙare ƙaf ba zai ce uffan ba. Na ji ciwon abin har cikin raina, domin ɗaurin jijiyar nan hannun Baba ne ya yi shi, zagaye bisa zagaye, babu wanda ya hau wani. Ni da ɗinki ne sana'ata na san aikin da aka yi da natsuwa. Na laluba aljihu na ciro rezar da nake farke ɗinki da ita. Na ce in dai yankawa za a yi, ni zan yanka.

Kafin la'asar sababbin kiban suna tsayawa a ayabar gindinsu na kallon Yaya. Ya naɗe su da bakan ya tafi tasha. Kwarin ma na ce ya ɗauka, ya ce a'a, Kawu ni ya ba.

Da kaka wani direban Mutum Biyu ya sauke mini buhun masara a ƙofar shago. Na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce an ce in gaishe da keke.

Kwarin yana nan, na dai canza masa bango. Babu komai a ciki sai kyauro marar kai, wanda ba zai kashe ko ɓera ba. Tsohon ma ya bi abokinsa bayan 'yan shekaru. Idan na zaro ɗaya na bi shi da babban yatsa, nakan tarar da cizo biyu kusa da juna. Na tsohon a haɗe yake. Na Baba akwai fili a tsakiya.