Bappa Joda da Gawon da Aka Sare

Da an idar da sallar asuba za ka ga Bappa Joda da kwandonsa ya fita ta bayan unguwar Nasarawo, ya nufi hanyar Kwadon. Kashin shanu da na awaki yake zuwa tsinta. Shekara talatin ke nan, tun ina goyon autata.

Ku tsaya ku ji dalili kafin ku toshe hanci. Ƙwayar gawo taurin kai gare ta, in ka shuka ta haka nan sai ta kwanta a ƙasa ta yi ta barci. Sai dabba ta ci 'ya'yan, ƙwayar ta ratsa cikinta ta yi laushi, sannan take tsirowa. Shi ya sa Bappa yake bin burtali, ya farfasa kashin, ya tsince iri, ya rena a leda, ya raba wa manoma kyauta.

Dariya kam ya sha ta. Maƙwabcinsa Babayo yakan ce, "Bappa, kai da buzuzu wa ya koya wa wani sana'ar?" Sai ya ce, "Yayana ne, ya riga ni farawa."

Millicent, wata manomiya a Kwadon, ta taɓa nuna mini dawarta a gindin gawon da ya ba ta. Ta ce, "Mama, da damina ganyen nan zubewa yake ya zama taki. Dubi zangarniyar, kamar cinyata."

To, yau ina gawon? An yanka burtalin an yi filaye, an zagaye da bulo. An sare itatuwan an yi gawayi, har Babayo ya samu buhu biyu. Shanun da ake kawowa yanzu a mota suke zuwa, dusa suke ci. Ran Talata na tarar da Bappa ya farfasa kwando guda, ƙwaya ko ɗaya babu. Ya ce mini, "Hajiya, itace bakwai suka rage, kuma gwiwar nan ba za ta kai wani ranin ba."

Kai ne ka shuka inuwar da muka zauna muna yi maka dariya, Bappa. Kai ne yanzu kake bin gidaje a unguwar Shamaki da 'ya'yan gawo a buhu, kana roƙon a ba awaki su ci a tara maka kashin, ana aiko maka da cewa maigidan ba ya nan. Allah ya saka maka, tun da mu mun kasa. Na gode, a madadin masu jin kunyar faɗa.

Ku kuma masu akuya a tsakar gida, ba wani abu aka ce ku ba shi ba, abin da kuke sharewa ku zubar kullum ne. Nawa biyun sun ci 'ya'yan gawon jiya, na tara abin da suka yi a tsohuwar tasa. In ya yi sallama, ku buɗe masa ƙofa, don baɗi ba zai iya takowa ba.